Azumin da Muka Yi a Kan Buhunan Gyada

Bana azumi ya komo cikin ɗari. Da asuba in na zuba ruwan buta a hannu sai in ji shi har cikin ƙashi. Shekaranjiya da la'asar maƙwabciyarmu a nan Mayahi ta ɗora suyar gyada, ƙanshin ya tsallako katanga. Jikokina suka hau murna, wai yau akwai ƙuli-ƙuli mai zafi a shan ruwa. Ni kuwa na ja sandata na shige ɗaki. Sun san ba na cin gyada, suna tsammanin rashin haƙori ne. Ba su san na taɓa yin wani azumi cikin irin wannan sanyi ba, wanda tun daga farkonsa har salla gyada ce sahur ɗinmu, ita ce buɗa-bakinmu.

Shekaru kaɗan ne bayan Nasara sun tafi, ƙasa ta koma hannun ƴaƴanta. Ina gidan aure a wani ɗan ƙauye da ke cin kasuwar Kanan-Bakashe, da ɗiyata ta fari a goye. Gidanmu gandu ne. Yaya Sanda, wan maigidana, shi ne babba tun rasuwar mahaifinsu. Akwai matarsa Hassu da ƴaƴansu, sai ni da maigidana, sai uwarsu da muke kira Iya, wadda rumbu ke hannunta. Sunana Tsahara, amma a ƙauyen an fi sanina da fuskata, don agana ta kama ni ina ƙarama ta bar mini zanzana daga goshi har haɓa.

A shekarun nan gyada ce ke da daraja. Duk wanda ya kai ta awo, inda ake aunawa a saya, sai ya dawo da sabuwar riga, wani da keke, wani da rediyo yana rataye da ita a kafaɗa har masallaci. Gona biyu gare mu: babbar gona ta kwari, wadda tun kakanni gero ake zuba mata, da wata a kan tudu mai rairayi. Ana gab da ruwan shuka Yaya ya ce bana babbar gona gyada za a sa mata gaba ɗaya.

"Hatsin hwa?" in ji Iya.

"Tudu ya ishe mu, Iya. In munka kai awo sai mu sayi hatsi tun yana da arha, mu biya lanho, harajin hukuma. Har shanun noma, in Allah ya so."

Iya ta dube shi ta ce ita dai ta faɗi tata, ta ci gaba da kaɗinta.

Ruwan shuka ya sauka da ƙarfi. Maza na gaba da sungumi suna sara, mu mata muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Aka yi noman fari, aka yi maimai, ni da Hassu muna kai hura gona da tsakar rana, ƙwarya a ka, yaro a baya. Sai tsakiyar damina ruwa ya ɗauke, daidai lokacin da gero ke fidda kai. Kullum da yamma hadari ya haɗu gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta watsa shi. Geron tudu ya naɗe ganye. Gyadar kwari kuwa ta jure, don ƙasarta na riƙe laima. Da ruwa ya dawo, gyada ta amfana, gero ya riga ya sha kashi.

Da kaka dammunan geronmu ba su kai rabin rumbu ba. Amma gyada, tun da nake ban ga irinta ba. Muka cire, muka shanya, muka buge, muka sheƙe. Masu awo ɓararriya suke saye, don haka matan unguwa muka riƙa zagaya gidajen juna, yau gidan wannan gobe gidan waccan, muna ɓara muna waƙa har yatsunmu suka tsattsage. Aka ɗinke buhuna aka jera a zaure har kusan rufi. Yaya kan tsaya ya dafa su da tafin hannu kamar mai shafa doki. Ko Iya ta daina magana.

Ɗari ya fara shigowa sai wani baƙo mai tallan kanwa ya sauka a zauren maigari yana rawar sanyi. Aka ba shi tabarma, mutane suka yi ta zuwa gaishe shi da kunu. Bayan ƴan kwanaki ƙuraje suka fito masa a fuska da tafin hannu. Ni da na kai masa ruwa na leƙa na gani, nan take na gane su, don irinsu ne suka bar mini zanzana. Baƙon bai tashi ba. Kafin a daɗe zazzaɓi ya shiga gidaje da dama. Ba wanda ke kiran sunan ciwon a fili. Ƴan rani ake cewa, da murya ƙasa-ƙasa.

A kasuwa mai zuwa ne za a buɗe awo. Magidanta suka taru ƙofar maigari, mu mata muna jin su ta bayan darni. Muryar Yaya ta fi ta kowa.

"Ranka shi daɗe, kasuwa guda za ka ba mu. Guda tak! Mu hidda gyadar nan, sa'an nan ka aika ma hukuma."

"In kun kai musu ciwo hwa, Sanda?"

"Mu da za mu tahi lahiyarmu lau. In anka ruhe mu da rumbu wayam, yunwa za ta yi abin da ciwon bai yi ba."

Maigari shi ma nasa buhunan na jere. Ban san abin da zai yanke ba, kuma ba a kai ga ji ba. Labari ya riga ya fita ta bakin masu kawo mana nono. Ana gobe kasuwa gardi biyu, dogaran hukuma, suka iso daga Mayahi a kan dawaki. Ba su shigo gari ba. Suka tsaya gindin wani babban gawo da ke bakin hanyar kasuwa, suka sa aka sare ƙaya aka gitta. Babbansu ya ɗaga murya ya ce kumandan mai mulkin yankin ya ce ba shiga ba fita, sai ma'aikatan likita masu lambar rigakafi sun zo sun tsaga wa kowa dantse, sai kuma ɓawon ƙurjin mutum na ƙarshe ya faɗi. Aka tambaye shi yaushe masu lambar za su zo. Ya ce garuruwan da ciwon ya shiga da yawa, sai layi ya zo kanmu.

Aka kafa bukkokin kara gabas da gari, tsakanin gidajen ƙarshe da gawon, aka kwashe marasa lafiya can. Wanda agana ta taɓa kamawa ba ta sake kama shi, kuma a garin mu biyu ne masu zanzana da ke da sauran ƙarfi: ni da wani tsoho mai saƙar tabarma, Baba Nomau. Ba wanda ya tilasta mini. Maigari ya zo da kansa ya tsuguna gaban Iya, Iya ta dube ni, na kwance goyona na miƙa mata. Ranar aka yaye ɗiyata, lokacinta bai yi ba. Daga bukkokin ina jiyo kukanta, nono na zuba yana jiƙa mini zane.

Akwai wani kututturen aduwa a tsakani, shi ne iyaka. Masu lafiya su kawo ruwa da abinci su aje a gindinsa su ja da baya, ni in zo in ɗauka. Hassu ce ke kawo na gidanmu. Takan tsaya nesa ta ba ni labarin gida da ƙarfi, in ba ta na bukka.

Ba a jima ba aka kawo maigidana a kan jaki. Ciwon baya ya fara da shi, har ba ya iya miƙewa, sai zazzaɓi, sai ƙurajen. Suka cika masa jiki har babu inda za a sa yatsa, suka shiga baki, suka shiga ido. Tabarma na manne wa fata, don haka rairayi mai laushi nake tankaɗewa in shimfiɗa musu, in ya ɓaci in kwashe in sako sabo. Ga sanyi, ga shi ba a iya rufa musu bargo. Sai mu hura wuta a bakin kowace bukka. Warin wurin ba ya faɗuwa. Da hantsi ƙudaje su taso, in yi ta kora da ganyen sabara har hannuna ya sage. Wanda maƙogwaronsa ya toshe, da ludayi nake ɗiga masa ruwan tsamiya.

A haka watan azumi ya tsaya. Yanzu tun kafin a idar da magariba waya ta kai wa kowa labari. Mu da idonmu muka gan shi, siriri a saman bukkoki, ba mu san ko sauran garuruwa sun ɗauka tare da mu ba.

Iya ta yanke yadda za a yi da geron da ya rage: kunu ga marasa lafiya, ɗan abin da ya saura ga ƙananan yara. Duk mai azumi gyada zai ci. Kusan kowane gida haka aka yi, don kowa ya bi gyada a shekarar. Farko-farko har da raha. Yau dafaffiya, gobe soyayyiya, jibi a matse mai a soya ƙuli-ƙuli a daka da busasshen ganyen tafasa. Kafin a yi nisa raha ta ƙare. Mutum ya wuni da ƙishi, rana ta faɗi, ya kurɓi ruwa ya watsa gyada a ciki, sai kai ya ɗau sara, zuciya ta yi ta tashi. Ciki ya cika amma ƙafafu na rawa. Yara suka kama zawo. Da sahur in na buɗe ƙwarya na ji ƙanshin, sai in rufe in sha ruwa kawai in ɗau niyya. Na yi mafarkin tuwon gero da miyar kuka ya fi a ƙirga.

Ranar kasuwa ta fi kowace rana wuya. In iska ta juyo daga can, mukan ji rurin kamyo, babbar motar kaya, tana ɗaukar gyadar mutane. Maza su fito bakin gari su zauna a rana suna saurare. Gardi suka riƙa faɗa mana cewa hatsi na ta hawa a kasuwa. Hassu kuma ta ce ɓeraye sun huda buhunan ƙasa, Yaya ya koma kwana a zaure da sanda.

Wata safiya ta zo kututture fuskarta ba daidai ba.

"Tsahara, yayanku ya hita."

"Ya hita ina, Yaya Hassu?"

"Tun asuba ya ɗora wa jakai uku ya bi ta daji. Ya ce zai zagaya ta yamma ya shiga kasuwa kamar baƙo. Na riƙe mishi riga, ya hizge."

Na wuni ina aiki idona na kan hanya. Da azahar na hango su. Yaya na gaba da jakansa, bayansa da ɗan nisa mutane riƙe da sanduna. Daga baya muka ji yadda aka yi. Ya tsaya shayar da jakai a rijiyar wani ƙauye inda ƙanwarsu ke aure, aka gane shi. Mijin ƙanwar tasu na cikin waɗanda suka tare shi. Ya ce masa, "Sanda, don girman Allah ka koma. Ina da ɗiya ƙanana." Ba wanda ya taɓa shi, don ba mai son kusantarsa. Haka suka koro shi daga nesa har gindin gawo suka damƙa wa gardi.

Babban gardin ya ce kayan da ya fito daga garin ciwo ya ratsa cikin mutane ba zai koma ba, ba zai wuce ba. Ya sa Yaya ya sauke buhunan da hannunsa, ya tara kara a kansu. Yaya ya cire hula ya durƙusa yana roƙo. Gardin ya jefo masa ashana.

Gyada mai ce, in ta kama ba ta mutuwa da wuri. Baƙin hayaƙi ya miƙe sama, wutar na tartsatsi tun azahar har la'asar sakaliya. Iska ta kwaso ƙanshin suyar ta shimfiɗa a kan gari, ga mutane da azumi a baki. Maigidana, da idonsa a kumbure a rufe, ya ɗago kai daga rairayi.

"Tsahara, wa ke suya haka?"

"Yara ne ke ƙona ɓawo," na ce masa.

"Wannan ba ɓawo ba ne."

Na ci gaba da kore masa ƙudaje. Yaya ya wuce ta gefen bukkoki da jakai ba kaya, bai dubi kowa ba.

Bayan kwanaki kaɗan Hassu ta taho da ƙwarya da yamma kamar kullum. Na tashi in je in ɗauka, sai na ga ba ta tsaya a kututture ba. Ta wuce shi tana tafe a hankali, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Na yi mata tsawa ta koma. Ta ci gaba da tahowa har gabana, ta aje ƙwaryar, ta zauna a ƙasa.

"Tun shekaranjiya bayana ke sara," ta ce. "Ban gaya ma kowa ba. Ki share mini wuri kusa da ke."

Ana cikin goman ƙarshe wani ɗan kasuwa daga Tasawa, Alhaji Barmo, ya iso gindin gawo da raƙuma ɗauke da gero. Ya tsaya can bayan ƙaya, ya rufe hanci da rawani. Gardi suka yarda a yi musaya, muddin za a zazzage gyadar a ƙasa ta sha rana kwanaki, buhunan kuma su zauna a garinmu. Magidanta suka fito suka jeru a wannan gefe, ana ciniki da ihu, ina jin komai daga bukka. Ya ce buhu huɗu na gyada, buhu ɗaya na gero. Wuri ya kaure. A wurin awo, buhun gyada guda na sayen na gero har a yi saura.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah!" in ji Yaya.

"Ina jin tsoronshi, shi ya sa na zo. Wa ya zo muku in ba ni ba? Yarana sun ƙi biyo ni sai da na ninka musu lada. Kuma ban san ko zan samu mai sayenta ba in anka ji inda ta hito."

"Gara ɓeraye su cinye ta."

"To. Ni gobe da sahe zan wuce."

Yaya ya juya zai tafi, wasu suka bi bayansa. Sai ga Iya ta fito daga gari tana dogara sanda, da ɗiyata a bayanta. Rabona da ganin yarinyar kusa haka tun ranar da na miƙa ta. Wuyanta ya zama siriri, kanta na lilo. Iya ta tsaya gaban Yaya a gaban mutane duka, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Sanda, jiya na share rumbu da tsintsiya. Matarka na kwance can, ƙanenka na kwance can, kunu kaɗai ke wuce musu wuya. Da mi zan dama shi gobe?"

"Iya, noman shekara guda ne."

"Na sani, da ni anka yi shi. Tahi ka buɗe zaure."

Ya tsaya kamar ba zai motsa ba. Can ya sunkuyar da kai ya nufi gida. Har faɗuwar rana maza na jido suna zazzagewa a gindin gawo, tsibi ya tashi ya fi tsayin mutum. Raƙuman suka durƙusa aka turo mana buhunan gero ƴan kaɗan ta kan ƙaya. Yaya ya ɓoye wasu buhuna, ya ce na iri ne da na awo in an buɗe hanya. Daren nan aka ji surfe da daka a kowane gida. Na sha kunun gero mai zafi, ina sha hawaye na zuba a cikin ƙwaryar.

Hassu ba ta sha da yawa ba. Nata ƙurajen ba su taso ba, suka kwanta suka yi baƙi, Baba Nomau ya gani ya girgiza kai. Ana jibi salla ta rasu da hantsi, kanta a cinyata. Abin da ta ce na ƙarshe, in duba mata kan ƴarta ƙarama, ta bar shi rabi ba ta gama kitso ba. Ni na yi mata wanka. Baba Nomau ya haƙa, mu biyu muka sa ta. Yaya da liman da sauran maza suka yi sahu can wajen kututture suka sallace ta daga nesa.

Salla ta zo ba kiɗa, ba sabon zane, ba yawon barka. Bayanta ne masu lamba suka iso cikin mota, suka jera gari kaf suka tsaga wa kowa dantse. Yanzu har gida ake biyo yara da rigakafi, ina gani iyayensu na ɓoye su a bayan ƙofa. Mu ranar har rige-rige ake yi. Ciwon ya lafa a hankali. Maigidana ya tashi, amma idonsa na dama ya mutu, na hagu kuma inuwa-inuwa yake gani. Da ɓawon mutum na ƙarshe ya faɗi aka ƙone bukkoki, na yi wanka na ƙone tufafina na shiga gida. Ɗiyata ta gan ni ta fashe da kuka ta ruƙunƙume Iya.

Ranar da gardi suka janye ƙaya, sanyi ya riga ya wuce, rana ta fara cizo. Yaya ya ɗora sauran buhunan ya nufi Kanan-Bakashe. Ya tarar an kwashe ma'auni, rumfar awo ba kowa sai awaki. An rufe saye sai baɗi. Ƴan kasuwa suka taya masa abin da bai kai kuɗin buhu ba, ya dawo da ita. Na ce a ba ni in matse mai in kai kasuwa, don sana'ata ce tun ina gidanmu. Na zauna da kwalabena tun hantsi. Mace ta zo ta tsuguna ta ɗaga kwalba, ta dubi fuskata, ta tambayi garinmu, ta aje ta goge hannu a zane. Na ce mata zanzanar nan ta girmi aurena. Ta ce ta sani, Allah ya ba da kasuwa. Haka na yi kasuwa bayan kasuwa ina komowa da man.

Bazara ta shigo da zafinta. Geron Alhaji ya ƙare. Muka koma daji tsinkar ƴaƴan anza, a jiƙa su kwanaki ana zubar da ruwan har ɗacin ya ragu, a dafa a ci. Ruwan rijiya ya yi ƙasa, guga na fitowa da laka. Gyadar irin ma aka cinye ta. Ana nan masu karɓar lanho suka zo, kuma ba su sauke sunan Hassu daga cikin masu biya ba, sun ce sai ƙidaya ta gaba. Aka sayar da jakai biyu, bai isa ba. Yaya ya shirya ya tafi Tasawa da ƙafa. Kwana uku ya dawo da raƙumi ɗauke da gero a bayansa, ya zauna gaban Iya ya ce ya jinginar da babbar gona ga Alhaji Barmo. Iya ta tashi ta buɗe buhu ta auna na tuwon dare.

Da ruwan shuka ya sauka muka fita tudu muka shuka namu geron cikin yini guda. Washegari wakilin Alhaji ya iso da irin gyada, yana neman ƴan ƙwadago, tiyar gero ga kowane mutum a yini. Garin duka ba wanda ya ƙi. Muka tafi mu uku, ni da Yaya da maigidana. Maigidana ya ce ba za a bar shi gida ba, ya riƙe gefen zanena, ina jefa iri yana rufewa da diddige, ƙafarsa na lalubo ramin.

Wakilin baƙo ne, bai san wurin ba. Ya tsaya tsakiyar kwari yana waige-waige, ya ɗaga murya.

"Wa ya san iyakar gonar nan a cikinku?"

Masu sara suka tsaya. Kowa ya dubi ƙasa. Yaya ya jingine sunguminsa ya ce, "Taho in gwada maka."

Muna tsaye muna kallonsu suka zagaya. Ya nuna masa layin gamba da mahaifinsu ya dasa ta gabas, da kalgon da ya raba su da maƙwabci, da inda ruwa ke kwanciya in damina ta yi nisa, ya ce kada a sa iri a nan, ruɓewa yake. Bai rage ko taki ɗaya ba. Da suka dawo wakilin ya ce masa, "Kai ka san ta ƙwarai, dattijo. Ka taɓa yi musu aiki a nan?"

"Na taɓa," in ji Yaya. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗauki sungumi, ya koma kan layinsa.